Hannun da na ɗaga wa Bulus

Har yanzu samari suna sallama a ƙofar gidana da takardunsu cikin leda, wai in sa musu baki a ɗauke su aikin kashe gobara. Ko sun manta na bar majalisa ne, ko kuwa gani suke wanda ya taɓa zama depite, wato ɗan majalisa, ba ya rasa lambar wani babba a aljihu. In na tambaye su abin da ya ja ra'ayinsu, amsar ba ta wuce ɗaya: sun bi ta gaban bariki sun ga pompiye, wato 'yan kwana-kwana, zaune a inuwar darbejiya suna karta, ga jar mota a wanke, ga kaki a goge. Wani ma cewa ya yi, "Baba, ai feshin ruwa ne kawai." Na dube shi sama da ƙasa, bai yi kama da wanda ya taɓa jan guga a rijiya ba. Saboda irinsu na zauna rubuta wannan, domin bakina ya gaji da maimaici.

Sunana Sa'idu. A unguwar Hausawa ta Garwa aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro ya zauna. Duk danginmu 'yan kasuwa ne, ni kaɗai na sa kaki, kuma mahaifina ya daɗe bai yafe mini ba.

Gobarar farko da aka kai ni wata tirela ce ɗauke da auduga, a hanyar Ngawundere, rana tsaka. Muka zuba mata ruwa har hayaƙi ya ɗauke, na tuɓe hular kwano ina murna mun gama. Ajidan Hamadu, hafsan da ke gaba da mu, wani dogon Bafulatani mutumin Bogo wanda a hannunsa na koyi aikin, ya nufo ni. Ya miƙo mini ƙugiya, ya nuna mini wani ƙullin auduga da ya jiƙe sharkaf. Ina farke shi sai ga cikinsa ja wur kamar murhu. Auduga ta ciki take ci, ruwa kuwa a baya yake tsayawa. Muka wuni muna farkewa ƙulli bayan ƙulli muna bazawa a bakin kwalta, har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Da muka koma bariki ba a bar mu mun zauna ba sai da muka wanke tiyo, muka shanya, sannan muka naɗe, domin tiyon da aka naɗe da danshi ruɓewa yake yi, ya fashe maka ran da kake bukatarsa.

Wanda bai taɓa riƙe bakin tiyo an buɗe famfo ba, bai san ruwa yana da ƙarfi ba. Mutum biyu ke riƙewa, na gaba yana saitawa, na baya ya tokare shi da kafaɗa. In suka yi sakaci ya kuɓuce, sai ya dinga bulala a ƙasa, ƙafar da ya samu ya karya. Tankin nan da kuke gani cike, kafin mutum ya shanye kofin shayi ya ƙare. Direba ya juya zuwa kogin Binuwai ɗebo wani, ku kuwa ku tsaya da gatari da bokiti, jama'a na zaginku, wani sa'i har da jifa, wai kun zo ba ruwa. Kumfa, wadda ita ce maganin wutar mai, 'yan jarkoki ne gare mu, kuma makullin ɗakinsu a wuyan Ajidan yake kwana.

A wurin gobara ba a jin magana. Inji na ruri, mata na kuka, kowane ɗan kallo ya zama gwani yana ba da shawara. Da hannu muke magana. In shef, wato shugaban ayari, ya dunƙule hannu, a tsaya. In ya juya yatsa sama, direba ya ƙara ruwa. In ya ɗaga tafi ya sauke shi gaba, mai tiyo ya fasa ƙofa ya shiga. Mai tiyo ba ya tambayar dalili, ba a ma son ya tambaya, domin kafin a ba shi amsa rufi ya faɗo.

Duk wannan ƙarfin jiki ne da sabo, ana koyonsa cikin 'yan watanni. Abin da ke da wuya ita ce tambaya. Kafin a taɓa tiyo, shef ne ke zuwa wurin mai gida ya tambaye shi: akwai mutum a ciki? Me aka ajiye a ɗakin? In hatsi ne ko kayan sawa, a shiga da ruwa. In mai ne, ba a buɗe ƙofa, a kwashe mutane a ja baya, a sanyaya bango daga waje, a kawo kumfa. Mutane kuwa ƙarya suke yi mana, domin mu ma kaki gare mu, kuma inda muka tsaya jandarma na tsaye. Ajidan ya ce mini, "Ka tambayi mai gida, sannan ka zagaya inda ba ya ganinka ka tambayi matarsa ko maƙwabci. Bayan su ka tambayi hancinka. In ɗaya cikin ukun ya saɓa, ka dunƙule hannu." An ba ni shef da wuri saboda ina jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma ɗan gari ne ni, ana ganin ba za a ɓoye mini ba.

Sai ga shekarun wahala. Aka rage wa ma'aikata albashi, darajar sefa ta karye, kasuwa ta mutu. A Najeriya kuwa mai ya yi arha. Sai ya dinga shigowa ta kogi cikin kwalekwale, ta daji a kan kekuna da babura, ana sayarwa a kwalabe bakin hanya, muna ce masa zuwa-zuwa. Malamin makaranta na sayarwa, mahauci na sayarwa, alhazan da a da ba su taɓa komai sai atamfa da shadda su ma suka faɗa. Kwalaben bakin hanya ba su ne damuwarmu ba. Inda ake ɓoye jarkoki da durom shi ne, wato cikin gidaje, bango ɗaya da madafa. Garwa kuwa kun san zafinta a bazara.

Mai riƙe mini bakin tiyo a lokacin Bulus ne, mutumin Mokolo, gajere kakkaura, ba ya da yawan magana. Da Fulatanci muke hira. Ran Lahadi in riƙe masa aiki ya je coci, ran Juma'a ya riƙe mini. Shekara shida muna tare ban taɓa juyawa na ga idonsa a wani wuri ba sai a kan hannuna.

Wata Talata bayan azahar aka kira mu unguwarmu, kuma tun daga bakin lungu na gane gidan. Na Alhaji Tanimu ne, aminin mahaifina. Shi ya sayi ragon sunana, da mahaifina ya rasu kuma shi ya karɓo mini aure. Wuta ta tashi daga madafa, ta bi zana, ta kama ƙofar wani sito da ke bayan zaure, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwano. Unguwa duk ta fito. Jandarma biyu na korar 'yan kallo.

Alhaji na ganina ya ɗaga hannuwa sama. "Sa'idu! Allah ne ya kawo ka. Gidan ubanka ne ke ci, Sa'idu."

Na durƙusa. Da takalmin aiki, da hular kwano a kai, wuta na ci a gabana, na durƙusa na gaishe shi, domin tun ina ɗan shekara uku ban taɓa yi masa magana a tsaye ba.

"Sannu, Baba. Akwai kowa a ciki?"

"Babu, duk an fito."

"Baba, me ke cikin siton?"

Ya saci kallon jandarman nan, ya ce, "Dawa ce da buhunan gyaɗa, sai tsofaffin tabarmi."

Na ji warin mai. Ba zan ce ban ji ba. Uwargidansa na tsaye jikin bango, na ga ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ja mayafi ta rufe. Taku biyar ne tsakanina da ita. Amma in tashi daga gaban dattijo, bayan ya ba ni amsa, in je in tambayi matarsa a gaban unguwa, daidai yake da in ce masa maƙaryaci a bainar jama'a, kuma in miƙa shi ga jandarma da hannuna. Na ce wa raina ai garin duka warin mai yake yi kwanakin nan. Na ce mutum kamar Alhaji ba zai bari in tura ɗan wani cikin halaka ba. Na miƙe, na juya, na ɗaga tafi na sauke gaba.

Bulus ya sari ƙofar da gatari, ya karɓi bakin tiyo, ya sa ƙafa ciki. Ƙarar ma ban ji ta ba, iska ce mai zafi ta maka ni da ƙasa. Da na ɗago kai sai na ga wuta na gudu a kan ruwanmu, ta biyo ƙofa tana malala cikin tsakar gida. Bulus bai saki tiyon nan take ba, domin in ya saki zai doki na bayansa cikin wutar. Sai da ya bangaje shi waje da gwiwar hannu sannan ya yar. Muka ja shi, muka lulluɓe shi da bargo. Safar hannunsa ta narke ta haɗe da fata. Jarkokin kumfarmu duka muka ƙarar a gidan nan kafin la'asar.

Kwana biyu bayan haka Alhaji ya aiko a kira ni. Bai yi doguwar magana ba. "Rufin asiri, Sa'idu. Ubanka bai taɓa tona mini ba." Da kaftin ɗinmu ya zauna bincike, Alhaji ya ce 'yar jarka ɗaya ce ta injin niƙa, ya manta da ita. Aka juyo kaina: wa ya ba da umarnin shiga? Bulus na kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba. Na ce ni yatsa na juya a ƙara ruwa, hayaƙi ya yi yawa, wataƙila Bulus bai gani da kyau ba. Kaftin ya rubuta. Na sa hannu a ƙasa.

Bulus ya yi watanni a asibiti. Sau ɗaya na je duba shi, hannuwansa a naɗe har gwiwa. Ya ce, "Jam na, shef?" Na amsa gaisuwa, na yi ƙaryar ana nemana a bariki na fita. Takardar sallamarsa ta fito ɗauke da layi ɗaya: ya shiga ba da umarni ba. Wannan layin ya hana a lasafta shi cikin waɗanda suka naƙasa a bakin aiki, ya rufe masa ƙofar asibitin sojoji. Bai ɗaukaka ƙara ba, bai neme ni ba. Matarsa ta ɗaure kayansu suka hau motar Mokolo. Daga nan aka fara ba sababbin ɗauka labarinsa, a matsayin abin da ke samun wanda bai jira hannun shef ba. Ina tsaye ake ba da shi. Da na zama mai horaswa, ni ma na ba da shi da bakina, ba sau ɗaya ba.

Da na yi ritaya, dattawan kasuwa suka zo gidana, Alhaji Tanimu ne a gaba. Suka ce ba shagon da ban taɓa tsayawa a kansa ran gobara ba, su ni suke so in wakilce su. Suka yi mini yawo lungu-lungu, na ci. Masu ganin aikin depite ɗamara ce mai launin tuta da mota mai sanyi, su ma ba su sani ba. Mota zuwa Ngawundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan zaman benci a ƙofar ofisoshi da takarda a cinya, sakatare na ce maka ka dawo jibi. In ka dawo gida ka tarar da zaure cike: wannan rufin makaranta, wannan rijiya, wannan aikin ɗansa. A majalisa na koyi cewa dokar da aka kawo maka mai shafi ɗari, abin da zai ƙone talaka yana cikin wani ƙaramin layi can ƙarshe, sai ka bi da yatsa. Abin da na iya samowa bai taka kara ya karya ba: 'yan wuraren ɗiban ruwa a gefen kasuwa, da ƙarin kumfa ga barikokin arewa. Maganar fitar da ma'ajiyar zuwa-zuwa daga cikin unguwanni kuwa, duk lokacin da na ɗauko ta, waɗanda suka zaɓe ni ne ke fara taka mini ƙafa.

Wata rana kwamitinmu ya kai ziyara inda ake horas da sababbin pompiye. Aka shirya mana nuni a fili. Ana cikin yi sai wani ɗan sabon ɗauka ya yi gaggawa ya zabura kafin a ba shi hannu. Sajan mai horaswa, wanda ina jin ko makarantar firamare bai shiga ba ran da abin ya faru, ya daka masa tsawa: "Kai, Bulus!" Sauran suka kwashe da dariya, ɗaya har ya lanƙwashe yatsunsa yana kwaikwayo. Ashe sunan ya zama zagi. Abokan tafiyata ma suka dara, ba su san komai ba. Ni kuwa kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na bincika aka ce mini hanya ɗaya ce ta gyara takardar sallamar Bulus: shaidan da ya sa hannu ya sake rubutawa bisa rantsuwa cewa ƙarya ya yi.

Ban rubuta ba sai da na je wurin Alhaji. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, yana zaune kan buzu a zauren da ya sake ginawa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da zan yi.

"Shekara nawa yanzu?" ya ce. "Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Baba."

"To da furfurata za ka tona mini asiri, saboda bare? Mu fa muka ɗora ka a kujerar nan."

"Na sani, Baba. Ba izini na zo nema ba. Na zo ne don kada ka ji a bakin wani."

Ya juya fuskarsa ga bango. Daga ranar bai sake amsa sallamata ba, kuma da ya rasu a sahun baya na tsaya wajen jana'iza. Ba wanda ya kai shi kotu, magana ta tsufa, amma unguwa ta ji, kuma unguwa ba ta ga laifinsa kamar yadda ta ga nawa ba. Da zaɓe ya zagayo ba a sa sunana ba. Ban yi mamaki ba, sai dai ya yi mini ciwo, domin ina son aikin.

A takardar na rubuta cewa ni na ba da hannun shiga, na rubuta cewa na yi wa kaftin ƙarya, na rubuta cewa mai gida ya ɓoye abin da ke siton. Abu ɗaya ne ban rubuta ba, wato na ji wari. Na ce ba wanda zai tambayi hancin mutum bayan shekaru. Aka fi shekara ana kai da kawo kafin sabuwar takarda ta fito, an soke wancan layi, an sa: ya naƙasa a bakin aiki, bisa umarnin shugaban ayarinsa.

Ni da kaina na kai ta Mokolo, ranar kasuwa. Na yi tambaya aka nuna mini wata bishiya a gefen tasha inda ake ajiye babura. Can na same shi zaune kan dutse, shi ke gadinsu. Ya yi furfura. Yatsunsa sun lanƙwashe sun manne da juna, a dama babban yatsa ne kawai ke motsi. Yana ganina ya miƙe tsaye ya ƙame.

"Shef."

Na ce ya zauna, ya ƙi sai da na zauna. Na fito da takardar na miƙa masa, sai na ga yana ƙoƙarin matse ta tsakanin wuyan hannuwansa biyu. Na karɓa na ce zan karanta masa.

"Da ƙarfi, shef," ya ce. "Mutanen nan su ji."

Na karanta da Faransanci, na maimaita da Fulatanci. Masu babura suka taru, masu tallan gyaɗa suka tsaya. Na faɗa musu da bakina cewa ni ne shugaban ayarin da takarda ke nufi, kuma ni na yi ƙaryar. Bulus na kallon ƙasa har na gama. Da mutane suka watse ya matso kusa, ya rage murya.

"Shef, tambaya ɗaya. Ran nan, ka ji warin?"

Na juya takardar a hannuna. Bai sake tambaya ba, jira kawai yake yi.

"Na ji, Bulus."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni ma na ji. Tun daga bakin lungu na ji shi."

"To me ya sa ka shiga?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Kai ka ɗaga hannu, shef. Na ce ka san abin da ban sani ba."

Wani ya zo ɗaukar babur ɗinsa, Bulus ya tashi ya nuna masa da haɓa, ya dawo. Sannan ya tsaya a gabana ya turo ƙirji, ya ce in ninke takardar in sa masa a aljihun riga. Na ninke na sa. Ya ce in ɓalla maɓallin kada ta faɗi, shi ba ya iyawa. Sau uku maɓallin na suɓuce mini kafin ya shiga.